Rayuwar Ɗalibai a Makarantar Mishan ta Wusasa

Makarantar mishan, wato makarantar da masu wa'azin addinin Kirista suka kafa, ta samu gindin zama a ƙasar Zazzau ne ta hannun Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. A makarantar firamare ta St. Bartholomew da ke Wusasa, inda Janar Yakubu Gowon ya fara karatu, ba a raba boko da ibada ba, domin a wancan zamani da addu'a da waƙoƙin yabo ake buɗe yini, sannan yara su haddace ayoyi daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa a 1932. Tarbiyyar kuwa ba ta tsaya cikin aji ba, tun da a irin waɗannan makarantu a wancan zamani yara kan yi noma a gonar makaranta, su koyi fareti, su kuma raka malamansu ƙauyukan kewaye yawon bishara, wato kai saƙon Linjila. Wannan tarbiyya ce ta yaye malamai da likitoci da dama a Arewa.