Daga Inuwar La'asar Zuwa Na'urar Safiyo

Kafin agogo ya zama ruwan dare a ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, manomin da ke tsakiyar gonar auduga ba ya tambayar kowa ko La'asar ta yi. Sai ya miƙe tsaye, ya lura da inda inuwar kansa ta tsaya, ya auna ta da tafin ƙafa. Malamai sun karantar cewa tsawon mutum ƙafa bakwai ne da ƙafarsa, kuma a mazhabar Malikiyya La'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage lokacin zawali.

A wannan ragowar inuwa gwanintar take. Funtuwa tana wajen digiri 11 da rabi arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa sau biyu a shekara, kusan 20 ga Afrilu da 23 ga Agusta, rana kan tsaya tsakar ka har inuwa ta kusa ɓacewa. A watan Disamba kuwa, cikin hunturu, inuwar zawali kan kai kusan ƙafa biyar, sai mai sallah ya jira ta kai ƙafa goma sha biyu.

Wanda ya iya wannan ya riga ya iya auna rimi ko giginya ba tare da ya hau ba. A daidai lokacin da inuwarsa ta yi daidai da tsawonsa, rana tana kan kusurwar digiri 45, kuma inuwar bishiyar ma daidai take da tsawonta. Marubutan Girka sun ce da wannan dabara wani masani mai suna Talis ya auna dalar Masar, kusan shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa.

Amma inuwa ba ta maganin dutse, irin waɗanda suka yi wa Funtuwa ƙawanya, domin gindinsa faɗi gare shi, ba mai isa ƙarƙashin ƙololuwarsa da igiyar awo. Nan lissafin kusurwa ya shigo. A ƙarni na 9 Habash al-Hasib ya tsara jadawalin inuwa a Bagadaza: kowace kusurwa da tsawon inuwar da take bayarwa. Jadawalin ne ɗalibai ke kira tanjent a yau. Sai al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya kai aikin maƙura a Nandana, cikin Fakistan ta yanzu. Ya auna kusurwar kan dutse daga wurare biyu a fili, ya auna tazarar da ke tsakaninsu, ya fitar da tsawon dutsen. Bai tsaya nan ba. Ya hau, ya auna yadda bakin sama ya sunkuya ƙasa da idonsa, daga nan ya lissafa girman duniya baki ɗaya.

Ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kusan mita 15, ta taɓa zama cibiyar karatu tun daga zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma Katsina ce ta fitar da Muhammad al-Katsinawi, masanin falaki da lissafi, wanda ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Turawan mulki sun zo da ilimin ne cikin akwati. Safiyo ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya rarraba ƙasa alwatika-alwatika, yana dasa turaku na siminti a kan duwatsu, da Minna a matsayin mafarin awo. Da irin wannan awo aka shimfiɗa layin dogon da ya tashi daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, aka riƙa kwasar auduga da gyaɗa zuwa teku.

Abin takaici, yau ɗalibin sakandare a Bakori ko Ƙafur yana haddace tanjent don jarrabawa, a zatonsa ilimin Bature ne zalla. Malaman lissafi, a fitar da yaran nan daga aji. A tsayar da su mita 40 daga gindin rimi: in kusurwar kansa ta nuna digiri 30, tsawonsa mita 23 ne, sai a ƙara tsawon mai awon daga ƙasa zuwa ido.