Daga fagen fama zuwa bayan kamiyo: yadda doki ya rasa kuɗinsa a ƙasar Adar da Gobir Tudu



Kwanan baya na raka wani kawuna kasuwar dabbobi zai saida dokinsa. Shekara goma sha ke nan yana ɗaure a turke ƙofar gida, da shi yake hawan salla. Bana gero ya yi tsada, harawa ta yi tsada, gwiwar tsoho kuma ba ta kai likkafa. Mun yi tsaye tun hantsi har azahar, tayin da aka yi bai kai kuɗin tsohuwar moto ba. Can wani dillali ya jawo mu gefe, ya ce akwai mai saye da zai ƙara kuɗi, kuma ba ruwansa da shekarun doki ko tafiyarsa, jiki kawai yake dubawa. Kawu ya tambaya ina za a kai shi. Dillali ya ce kudu. Tsoho ya yi shiru, sannan ya ce mini: "Ɗana, kwance shi mu koma gida. Ban iya bada abin da ni hau ga wuƙa."

Mun koma gida da doki, amma matsalar tana nan: mi zai ci gobe? Wannan ya sa na ce bari mu waiwaya baya, mu ga yadda aka yi dabbar da ta fi kowace daraja a ƙasar nan ta koma ana auna ta da ido kamar sa.

A da, doki makami ne. Tarihin Kano ya nuna zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a ƙarni na 16 cewa Sarkin Barno yana bada bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda. Abin baƙin ciki ne a ce an musanya 'yan Adam da dabba, amma hakan ya nuna mana inda farashin ya taɓa kaiwa. Ko a shari'a, wajen rabon ganima mahayi kaso uku yake samu, ɗaya nasa biyu na dokinsa, dakaren ƙasa kuwa kaso ɗaya. Ku dubi sarautunmu ma: Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki, Shamaki, Barde. Duka daga barga suka fito.

Ƙasarmu tana tsakiyar wannan harka. Adar na tsakanin Azbin da Sakkwato, kuma dokin Azbin, musamman wanda ake kira bagazam, ya yi suna a fadojin ƙasar Hausa. Tun da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a 1674, hanyar nan ba ta rabu da ayari da mahaya ba. Mai son zurfafawa ya nemi littafin Farfesa Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa. Ko bayan yaƙe-yaƙe sun wuce, dawakin ƙasar Nijar ba su daina tsallakawa fadojin kudu ba. Wa bai san waƙar Narambaɗa ta Dokin Iska Ɗan Filinge ba? Sunan kaɗai ya gaya maka daga ina dokin ya fito.

Bugu na farko da doki ya sha, bindiga ce ta yi shi. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan, ta yi ɓarnar da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙonni. A 1901 Kel Geres suka kara da sojan Faransa a Galma, nan kusa da Madaoua, aka ci su da yaƙi. A 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Darasin ɗaya ne ko'ina: takobi da mashi da saurin dabba ba su iya komi gaban bindiga mai aman harsashi. Daga nan doki ya sauka daga aikin yaƙi.

Sai dai bai rasa aiki gaba ɗaya ba. Zamanin kumandan, da doki ake rangadi, gardi-sarki da 'yan saƙon hakimai bisa doki suke bin ƙauyuka wajen bodo da ƙidayar mutane. Wanda ya san duwatsun Bouza da kwazazzaban Keita da fadamar Magiya ya san dalili: lokacin damina mota ba ta shiga ko'ina. Mai gari da doki yake zuwa bariki, malami da doki yake zuwa ɗaurin aure, bafatake da doki yake gaban ayarin jakunansa. Har bayan samun 'yancin kai a 1960, gida mai turke gida ne mai rufin asiri.

Bugu na biyu fari ne. Doki ba raƙumi ba ne, ba akuya ba ne. Yana son hatsi, yana son dusa da harawa da kanwa, yana son mai yi masa ciyawa kullum. Wato daga rumbu ɗaya yake ci da yaran gida. A farin 1973 da 1974, da kuma na 1984, magidanci ya zaɓa tsakanin bakin ɗiyansa da bakin dokinsa, kuma kun san abin da kowane uba zai zaɓa. A 1984 ɗin ne aka soma Poroje Keita da taimakon Italiya da hukumar FAO, aka gyara ƙasa, aka dasa itatuwa, aka yi madatsun ruwa, aka buɗe hanyoyin karkara. Alheri ne babba, amma duk hanyar da aka buɗe, mota ce ke binta. Aka sake shan wuya a 2005 da 2010, lokacin da dabba ta faɗi warwas, buhun gero ya hau sama.

Bugu na uku, wanda a ganina ya fi sauran ƙarfi, shi ne moto. Daga shekarun 2000 babura 'yan China irin su Kasea suka cika kasuwa, kabu-kabu ya shiga kowane ƙauye. Moto in ba ka hau ba, ba ta shan mai. Doki ko ka hau ko ba ka hau ba sai ya ci. Saurayin da ya dawo daga Abidjan ko Libiya ba ingarma yake mafarki ba, moto yake so ya shigo da ita gari.

Ga kuma kasuwar kanta. Babban mai sayen dabbobinmu Najeriya ce, kuma duk ranar da naira ta faɗi gaban sefa, kasuwannin Tounfafi, Ibohamane da Badaguichiri sai sun ji a jikinsu. Mun gani a 2016. Mun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun sake gani bayan Yulin 2023. Rago na da layya, sa na da mahauta. Doki fa? In ba ɗan sukuwa ba ne ko na hawan fada, masu sayensa ba su da yawa. A nan ne mai wuƙa ke shigowa.

Ba ɓoyayyen abu ba ne, a kudu maso gabashin Najeriya ana yanka doki ana ci, kuma a wasu garuruwan Ibo yanka shi na cikin bikin sarauta da jana'izar manya. Kasuwar Obollo-Afor a jihar Enugu ta shahara da wannan. Dawakin kuwa daga arewa ake loda su. Mun ga yadda irin wannan ciniki ya so ya ƙarar da jakuna saboda fatar da ake kaiwa China: a 2016 gwamnatin Nijar ta hana fidda su, bayan an lissafa wajen 80,000 da suka fita cikin watannin shekarar, alhali a 2015 duka 27,000 ne. A shekarar ne Burkina Faso ta hana fidda jakuna da dawaki da raƙuma. A Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fata.

To mi addini ya ce? A nan ma dole a faɗi gaskiya, malamai sun saɓa. Mu nan Malikawa ne, kuma abin da ya shahara a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ake karantarwa a Risala da Muhtasar, shi ne ba a cin doki. Hujjarsu aya ta 8 ta Suratun Nahli, inda aka ambaci dawaki da alfadarai da jakuna don hawa da ado, ba a ambaci ci ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta, suna kafa hujja da hadisin Jabir na ranar Haibara da na Asma'u 'yar Abubakar. Don haka wanda ya ƙi yana da madogara, wanda ya ce ya halatta shi ma bai fita addini ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne ha'inci. Mahaucin da ya saida ma ka naman doki ko na jaki da sunan na sa, a tsire ko kilishi, ya ci amana. Ko a Faransa, inda aka halatta saida naman doki tun 1866, da aka gano shi ɓoye cikin abincin da aka rubuta naman shanu a 2013, ƙasashen Turai sun girgiza.

Akwai darasi kuma daga Amurka. A 2007 aka rufe mayankun dawaki uku na ƙarshe a ƙasar, masu tausayin dabbobi suka yi murna. Sai tattalin arziki ya karye a 2008, abincin dabba ya yi tsada, farashin ƙananan dawaki ya faɗi. Yankan kuma bai tsaya ba, sai dai aka riƙa loda sama da dawaki 100,000 a shekara zuwa Kanada da Meziko, tafiya mai nisa cikin wahala. Rahoton hukumar binciken majalisarsu na 2011 ya tabbatar da haka. Wato hana wuƙa kaɗai ba ya cika wa doki taska.

Shi ya sa nake ganin gardamar "a yanka ko kar a yanka" ta tsaya rabin hanya. An ce dokin mai baki ya fi gudu. Da sauƙi mu zauna a fada mu zagi wanda ya saida wa 'yan kudu, amma cikinmu wa ya taɓa kai masa damin harawa? Na ga tsohon doki da aka ƙi saidawa don kunya, aka bar shi a turke haƙarƙari waje, ƙuda na bin gyambonsa har ya mutu. Wannan ba girmamawa ba ce, kuma Allah zai tambaya.

Tarihin da muka bi ya nuna abu ɗaya: kuɗin doki aikinsa yake bi. A Senegal har yau doki na jan amalanke da garmar shuka, shi ya sa manomi ke nemansa da kuɗinsa. Mu ma muna da inda za mu kama. Wanda ya ga mahaya a bikin Tahoua Sakola na Disamban 2017 ya san son doki bai mutu a zukatanmu ba, kuma a Disamban 2024 UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin kayan gadon duniya. In magadan gari da sarakunanmu na Madaoua, Bouza da Keita suka tsaida sukuwa a kai a kai bayan kaka, da kyauta ko kaɗan ce, in ma'aikatan kiwo suka riƙa tunawa da doki wajen rigakafi da abincin dabbobi mai rahusa, mai turke zai samu dalilin riƙewa, mai saidawa kuma zai samu mai saye da ba wuƙa a hannunsa.

Dokin kawu yana nan a turke. 'Ya'yansa da ke ci-rani sun yi alkawarin aiko kuɗin dusa har zuwa kaka. Bayan kaka kuma, Allah masani.

Ku da ke da turke a gida, ko kuka tashi kuka tarar da shi, ku gaya mana yadda ta kasance a garinku. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya rufa mana asiri, mu da dabbobinmu.