Karatun Wangari Maathai a ƙasashen waje

Wangari Muta Maathai (1 ga Afrilu, 1940 – 25 ga Satumba, 2011) masaniyar ilimin halittu ce kuma 'yar gwagwarmayar kare muhalli daga ƙasar Kenya. Ita ce mace ta farko daga nahiyar Afirka da ta samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, a shekarar 2004. Tsakanin 1960 da 1969 ta yi karatu a Amurka da Jamus. A waɗannan shekaru ne ta ƙware a aikin bincike na kimiyya, ta fara cin karo da wariyar launin fata ido da ido, ta kuma ga yadda mazauna gari ke haɗa kai su gyara muhallinsu. Ana kafa misali da tarihinta idan ana bayanin ɗaliban Gabashin Afirka da suka fita neman ilimi gab da samun 'yancin kai.

Kafin tafiya

An haifi Wangari a ƙauyen Ihithe da ke yankin Nyeri, a tsaunukan tsakiyar Kenya, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Iyayenta manoma ne 'yan ƙabilar Kikuyu. Ta shiga makaranta tana da shekara 8, daga baya ta koma makarantar kwana ta St. Cecilia da 'yan mishan na Katolika ke gudanarwa a Nyeri. A can ta shiga ɗariƙar Katolika, aka raɗa mata suna Mary Josephine. A makarantar da Turanci kaɗai ake magana, kuma akan hukunta duk yarinyar da aka kama tana amfani da harshen gida. Daga baya Wangari ta bayyana cewa wannan tsari yana sa yaro ya raina harshensa da al'adarsa. Ta kammala sakandare a makarantar Loreto da ke Limuru a 1959.

A wancan zamani guraben karatun gaba da sakandare kaɗan ne a Gabashin Afirka. Kwalejin Makerere da ke Kampala a Uganda ce mafi shahara, kuma ɗaliban Kenya da Uganda da Tanganyika duk a kanta suke gogayya.

Shirin jigilar ɗalibai

Ɗan siyasa kuma jagoran ƙwadago Tom Mboya ya lura cewa Kenya na dab da samun 'yanci amma ba ta da isassun 'yan ƙasa masu digiri da za su maye gurbin Turawa a ma'aikatu da makarantu. Ya nemo guraben karatu a kwalejojin Amurka, sai dai kuɗin jirgi ya zama matsala. Da taimakon wasu Amurkawa, ciki har da mawaƙi Harry Belafonte da ɗan wasa Jackie Robinson da jarumin fim Sidney Poitier, aka tara kuɗin da ya kai ɗalibai 81 Amurka a watan Satumba na 1959.

A 1960 Mboya ya gana da Sanata John F. Kennedy, wanda a lokacin yake takarar shugabancin Amurka. Gidauniyar iyalan Kennedy ta ba da dala 100,000, abin da ya sa sunan Kennedy ya manne wa shirin. Wangari na cikin ɗalibai kusan 300 da suka tashi a watan Satumba na wannan shekara.

Kwalejin Mount St. Scholastica

An ba Wangari gurbi a Kwalejin Mount St. Scholastica da ke garin Atchison a jihar Kansas. Kwalejin mata ce a ƙarƙashin sistocin ɗariƙar Benedict, kuma a 1971 aka haɗe ta da ta maza suka zama Kwalejin Benedictine. Daga New York ta shiga motar bas zuwa Kansas. A cikin littafin tarihin rayuwarta mai suna Unbowed, wanda ya fito a 2006, ta ba da labarin yadda a hanya aka hana su zama a wani shagon shan lemo saboda su baƙaƙe ne. Ta taso a ƙasar da Turawa ke fifita kansu, amma ba ta yi tsammanin tarar da haka a Amurka ba.

A kwalejin ta ɗauki ilimin halittu a matsayin babban fanni, ta haɗa da ilimin sinadarai da Jamusanci. A lokacin hutu takan yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, inda ta koyi shirya ƙananan yankan tsoka domin dubawa da na'urar hangen ƙananan halittu. Wannan ƙwarewa ce ta zama jarinta a duk binciken da ta yi daga baya.

Shekarun nan sun zo daidai da tashen gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka ta neman daidaito. Tana Kansas aka kashe Shugaba Kennedy ranar 22 ga Nuwamba, 1963, kuma mako uku bayan haka, ranar 12 ga Disamba, Kenya ta samu 'yancin kai. Ta karɓi digirinta na farko a 1964, shekarar da Amurka ta kafa dokar haramta wariya a wuraren jama'a.

Jami'ar Pittsburgh

Daga Kansas ta wuce Jami'ar Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania domin digiri na biyu. Bincikenta ya shafi wani ɗan ƙulli da ke cikin ƙwaƙwalwa da ake kira finiyal, inda ta nazarci yadda yake girma a jikin tsuntsun salwa na Japan. Ta kammala a watan Janairu na 1966.

Pittsburgh birni ne na masana'antun ƙarfe da ya daɗe da yin ƙaurin suna wajen hayaƙi. Zamanta a can ya ba ta damar ganin yadda mazauna birnin ke matsa wa hukumomi lamba a tsabtace iska. Masu rubuta tarihinta suna ɗaukar wannan a matsayin karo na farko da ta ga aikin farfaɗo da muhalli a zahiri, kuma ta ga cewa lalacewar da mutane suka jawo mutane na iya gyara ta.

Komawa gida da batun suna

Da za ta koma Kenya a 1966, sai ta ajiye sunan Mary Josephine ta koma amfani da sunanta na yanka, Wangari Muta. Yarinyar da aka koya wa jin kunyar harshen Kikuyu ta dawo daga ƙasar masu Turanci tana alfahari da sunan gida. Sunan Maathai kuwa daga aure ya samo asali. Ta auri Mwangi Mathai a 1969, kuma bayan rabuwarsu ta ƙara harafin "a" guda a sunan ta ci gaba da amfani da shi.

Digirin Amurka bai kare ta daga son kai a gida ba. An yi mata alkawarin aikin mataimakiyar bincike a sashen ilimin dabbobi na Kwalejin Jami'a ta Nairobi, amma da ta iso sai ta tarar an ba wani. A ganinta bambancin jinsi da ƙabilanci ne suka jawo haka. Bayan wata biyu tana neman aiki, Farfesa Reinhold Hofmann na Jami'ar Giessen ta Jamus ya ɗauke ta a sabon sashen nazarin tsarin jikin dabbobi na makarantar likitancin dabbobi da ke Nairobi.

Jamus da digiri na uku

A 1967 ta tafi Jamus bisa shawarar Hofmann, ta yi bincike a jami'o'in Giessen da Munich. Jamusancin da ta koya a Kansas ya yi mata rana a nan. Ta dawo Nairobi a 1969 ta kama aikin koyarwa. A watan Yuli na wannan shekara aka harbe Tom Mboya a Nairobi. A 1971 Jami'ar Nairobi ta ba ta digiri na uku bayan binciken da ta yi a kan girman gaɓoɓin haihuwa na shanu. Ita ce mace ta farko a Gabashi da Tsakiyar Afirka da ta kai wannan mataki. Ta zama shugabar sashenta a 1976.

Tasirin karatun a kan aikinta

Aikin jami'a ya riƙa kai ta karkara, inda ta ga ramammun shanu, zaizayar ƙasa da dazuzzukan da aka sare. Matan ƙauyuka kuma suna kukan ƙarancin itacen girki da ruwa mai tsabta. Ilimin halittu ya ba ta damar haɗa waɗannan matsaloli da tushe guda, wato ɓacewar itatuwa. Ranar 5 ga Yuni, 1977, aka dasa itatuwa 7 a filin Kamukunji da ke Nairobi, abin da ya zama mafarin ƙungiyar Green Belt. Ƙungiyar ta koya wa matan karkara renon tsirrai, tana ba su ɗan ihsani kan duk dashen da ya rayu. Zuwa 2004 an dasa itatuwa sama da miliyan 30.

Manufar Mboya ita ce samar da ma'aikatan da za su riƙe sabuwar gwamnati. Wangari kuwa ta yi amfani da iliminta har wajen ƙalubalantar gwamnatin kanta. A 1989 ta jagoranci adawa da shirin gina dogon bene a filin shaƙatawa na Uhuru da ke Nairobi, aka kuma fasa ginin. An zaɓe ta 'yar majalisar dokoki mai wakiltar mazaɓar Tetu a 2002, kuma a 2003 aka naɗa ta mataimakiyar ministan muhalli.