Kashafi a Matsayin Ijaza: Nazari a kan Hildegard ta Bingen da Matan da Suka Biyo Sawunta

Mas'alar da wannan maƙala take son warwarewa ita ce yadda mace, a cikin Ikilisiyar Turai ta ƙarni na 12 wadda ta hana mata limanci da hawa mumbari bisa hujjar wasiƙun Manzo Bulus, ta kai ga yi wa sarakuna da manyan malamai nasiha, su kuma saurara. Abin da bincike ya nuna shi ne, da yake an toshe wa mata ƙofar makaranta da ta muƙami, sai Hildegard da matan da suka biyo sawunta suka shiga ta ƙofar kashafi, wato da'awar cewa abin da suke faɗa nuna musu shi aka yi daga sama.

Hildegard, wadda aka haifa a ƙasar Jamus a 1098, aka kuma sadaukar da ita ga zaman zuhudu a Disibodenberg tun tana yarinya, ba ta ɗauki alƙalami ba sai a 1141, bayan ta haura shekara 42, sa'ad da ta ce an umurce ta da ta rubuta abin da take gani. Duk da haka ba ta yi gaban kanta ba, domin sai da ta nemi shawarar malamin zuhudu Bernard na Clairvaux, sa'an nan Paparoma Eugenius na Uku ya duba wani sashe na littafinta, Scivias, a taron Trier na 1147 zuwa 1148, ya yarje mata ta ci gaba. Da wannan ijaza ta kafa gidan zuhudu nata a Rupertsberg wajen 1150, ta yi wa'azi a bainar jama'a a Cologne da Trier, ta kuma aika wa Sarki Frederick Barbarossa kakkausar wasiƙa saboda goyon bayan da ya bai wa masu hamayya da kujerar Paparoma.

A ganina, inda matsayinta ya fi bayyana shi ne rikicin 1178. Malaman Mainz sun umurce ta da ta tone gawar wani mutum da aka binne a maƙabartarta, wai korarre ne daga Ikilisiya; ita kuwa, tana tsohuwa mai kimanin shekara 80, ta ce ya tuba kafin cikawarsa, ta ɓatar da alamar kabarin don kada a gane shi. Aka hana matan gidan Jibin Ubangiji da rera waƙoƙin ibada, hukunci mai ɗaci ga wadda ta ƙare rayuwarta tana tsara waƙa. Ta bi hukuncin, ta kuma dage da jayayya a rubuce, har aka janye shi a 1179, watanni kaɗan kafin rasuwarta ranar 17 ga Satumba.

Katarina ta Siena ta bi wannan tafarki na kashafi yayin da ta je Avignon a 1376 tana roƙon Paparoma Gregory na Sha Ɗaya ya koma Roma, haka ma Teresa ta Avila, wadda kotun binciken aƙida ta riƙe littafin tarihin rayuwarta shekara da shekaru. Ikilisiyar Katolika ba ta sanya mace cikin jerin manyan malamanta ba sai a 1970, lokacin da Paparoma Paul na Shida ya ba waɗannan biyun wannan laƙabi. Hildegard ta samu nata a 2012.