Awon Ɗabi'a a Ƙasar Arewa: Wa Ya Kamata a Tambaya?

A shekarar 2012 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto kan Musulmin duniya, bayan hira da mutum sama da 38,000 a ƙasashe 39, har da Nijar. Tambayoyin sanannu ne: sau nawa kake salla, kana azumin Ramadan, kana fitar da zakka, wane matsayi addini yake da shi a rayuwarka. Tushen irin wannan awo yana cikin aikin Charles Glock da Rodney Stark na 1965, waɗanda suka kasa riƙon addini gida biyar: aƙida, ibada, ilimi, abin da zuciya ke ji, da tasirin addinin a mu'amala. Na ƙarshen shi ne ya fi wuyar awo, shi ya sa aka fi yi masa riƙon sakainar kashi. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya ɗauki wannan takardar tambayoyi ya nufi Dogondutsi ko Tibiri (ta jahar Doso, wadda ta zama gunduma a 2011, ba ta Gobir ba) zai dawo da alƙaluma masu kyan gani, amma ba ɗabi'a ya auna ba.

Dalilin farko tarihi ne. Musulunci bai game ƙasar Arewa, inda Dogondutsi da Tibiri suke, ba sai a ƙarni na 20. Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, da Bagaji, har yau cibiyoyin Azna ne, wato masu addinin gargajiya. Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogondutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta ciro sunan littafinta na 2001 daga kukan ƴan bori cewa salla ta ɓata komai. A irin wannan wuri salla ibada ce, kuma shaida ce ta ɓangaren da mutum ya tsaya: ita ke buɗe masa ƙofar fatauci da auratayya da zaman majalisa. Tambayar magidanci ko yana salloli biyar tamkar tambayarsa ce ko shi cikakken mutum ne. Amsa ɗaya gare ta.

Wannan ba laifin Arawa, mutanen ƙasar, ba ne. A 1993 Hadaway da Marler da Chaves sun ƙirga masu shiga coci a wasu yankunan Amurka, suka tarar kusan rabin abin da mutane ke faɗa da baki ne. A 2014 Philip Brenner ya gwada amsoshin tambayoyi da bayanan yadda mutane ke cinye yininsu a Pakistan da Falasɗinu da Turkiyya, ya ga ana ƙara wa salla gishiri a baki. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Mutum yana bayyana wanda yake fatan zama ne. A ƙauyukanmu kuma akwai ƙarin nauyi. Mai tambaya ya zo daga Yamai da waya a hannu, an shimfiɗa masa tabarma a zauren maigari, yara sun yi cincirindo a ƙofa. Matar aure tana amsawa kanta a sunkuye, uwar mijinta na zaune gefe tana gyaran wake. Jama'a kuma na zaton rabon taimako ne zai biyo bayan rubuta suna. Kunya, wadda ita kanta ɗabi'a ce da ake son aunawa, ita ce za ta karkatar da ma'aunin.

Dalili na biyu ya fi tayar mini da hankali. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a Dogondutsi a farkon shekarun 1990, kuma littafin Masquelier na 2009 ya nuna yadda muhawararta da ƴan ɗariƙa ta shiga har cikin ɗakunan mata: sutura, kulle, kayan ɗaki, kuɗin biki. To, mai tsara tambayoyi ya ba mauludi maki ko ya cire? Zuwa sadakar bakwai alheri ne ko bidi'a? Duk yadda ya yi, ya yanke hukunci a shari'ar da malamai ba su gama ba, sannan ya lulluɓe hukuncin da rigar lissafi. Sakamakon zai nuna wane gari ya fi kusa da aƙidar mai binciken, a kira shi taƙawa.

Wasu za su ce a bar maganar gaba ɗaya, tunda taƙawa a zuci take, Allah kaɗai ya san ta. Gaskiya ne, kuma babu takardar da za ta raba ikhlasi da riya. Sai dai fikihu bai taɓa cewa halin da ke bayyane ba ya aunuwa ba. Alƙalin Malikiyya ba ya karɓar shaida sai an tabbatar masa da adalcin mai ita, kuma ba shaidan ake tambaya ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani da ya zo wanke shaida ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Umar ya nuna masa bai san mutumin ba. Wannan hanyar bincike ce cikakkiya. Ta fitar da fagage uku, ta kuma ɗauke amsa daga bakin mai hali ta mayar ga wanda halin ya shafa. Siffofi goma na mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattara daga Hausawa a 1974, irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri da adalci, kusan dukkansu sai da mutum na biyu suke tabbata.

A ƙasar Arewa ba a rasa inda za a duba. A fara da tiya. Sura guda a Alƙur'ani an sa mata sunan masu tauye mudu, kuma wannan abu ne da sikeli ke iya kamawa. Mai awo na iya saye da tiya mai zurfi, ya tara hannu a bakinta hatsi ya yi tozo, in ya zo sayarwa ya ɗauko wadda aka bubbuge gindinta. A sayi gero tiya-tiya a kasuwannin Matankari da Kore Mairuwa da Geceme, da kaka da kuma tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a ɗora a sikeli. A bi sawun bashin hatsi: nawa aka ci a watan Yuli, nawa aka biya bayan girbi, gonar wa ta tafi jingina. Littattafan bankunan cimaka da na adashen mata suna nuna wanda ya cika alkawari. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye, sarakuna kuma na yin sulhu tsakanin manoma da makiyaya a Dallol Mawri. A nan za a ga ɓarnar da aka biya da burtalin da aka cinye. Sai gado. Ƴa mace nawa ta karɓi rabonta na gona a hannu, ba a baki ba? Sakakku nawa ake ciyar da ƴaƴansu? Waɗannan hukunce-hukunce ne da ɗan Izala da ɗan ɗariƙa ba su yi saɓani a kansu ba.

Akwai sharaɗi biyu. Dole a haɗa da garuruwan Azna cikin awon, domin in tiyar Lugu ta cika kamar ta unguwar malamai, ko ta fi, mai bincike ba shi da ikon jingina amanar ga karatu kaɗai. Sai ya nemi rabon tarbiyyar gida da tsoron rantsuwa da idon jama'a. Na biyu, Musulunci ya hana bin diddigin asirin mutane. Don haka kasuwa za a auna, da gari, da unguwa, ba wane ɗan wane ba, kuma kafin sakamakon ya isa wata mujalla a Yamai ko Faransa, a fara karanta shi da Hausa a gaban limamai da sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin matan da aka auna tiyarsu.