Harajin Manomi da Ribar Kamfani: Daga Kantunan Gyaɗa na Kano zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya

Unguwar Nassarawa ta Kano, wadda attajirai da manyan ma'aikata ke zaune a cikinta yau, asalinta wuri ne da Turawan mulki suka keɓe wa kansu bayan cin Kano a 1903. Nan Razdan yake, nan kuma ake duba lissafin harajin lardi. Lissafi ne mai tsanani ƙwarai. Mai unguwa ya san kowane magidanci, dagaci ya ƙirga kawuna, hakimi ya tara kuɗi ya kai Baitulmali, Bafillace kuwa a bi shi har ruga domin jangali. Ba mai tsira sai wanda ya yi ƙaura. Amma kusa da nan, a bakin tashar jirgin ƙasa, akwai wata dukiya da ta fi ta talakawa nesa ba kusa ba, wadda ma'aunin haraji bai kama ta yadda ya kama su ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka so saboda masaƙun Ingila, manoma suka zaɓi gyaɗa, kuma daga kakar 1912 ciniki ya buɗe. Kamfanoni irin su Niger Company da John Holt da CFAO na Faransawa suka kafa kantuna da sikeli. Tun da yake da kuɗin Bature ake biyan haraji, ba da wuri ko hatsi ba, tilas manomi ya kai gyaɗarsa wurinsu. A 1920 kamfanin sabulu na Lever Brothers ya saye Niger Company, a 1929 kuma aka gama shi da wani ya zama UAC, reshen Unilever.

Abin lura a nan shi ne, mai sayen gyaɗa a Kano da mai matse ta a Turai ya yi man girki da sabulu, 'yan gida ɗaya ne. In wa ya sayar wa ƙanensa kaya, su biyu ke yanke farashi, farashin nan kuwa shi ke nuna inda riba za ta bayyana a takarda. In aka rubuta shi ƙasa-ƙasa, sai reshen nan gida ya tashi kamar ba ya samun kome, ribar ta ɓullo a London. Wannan ba sata ba ce a idon doka, shi ya sa ma ta fi sata wuyar magani. Gaskiya ne kamfanoni suna biyan kuɗin kwastan da hayar filaye, amma na kwastan a farashin manomi ake fanshe shi. Dokar harajin ribar kamfanoni ma ba a kafa ta a Nijeriya ba sai 1939, watau shekara 27 bayan buɗewar cinikin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A daidai waɗannan shekaru ne aka tsara ƙa'idar da duniya ke bi har yanzu. A 1923 tsohuwar majalisar ƙasashe ta Janeba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, ta karɓi rahoton masana tattalin arziki huɗu, a 1928 kuma ta fitar da samfurin yarjejeniyar haraji. Damuwarsu ita ce kada a karɓi haraji sau biyu daga kamfani ɗaya; maganar kamfanin da ba ya biya ko'ina ba ta dame su sosai ba. Aka tsaya a kan cewa ƙasa ba ta da hakkin harajin ribar baƙon kamfani sai yana da mazauni tsayayye a cikinta, sa'an nan a riƙa ɗaukar reshe da uwarsa tamkar baƙin juna masu ciniki a kasuwa. Nijeriya ba ta da kujera a wurin. Ingila ke magana da yawunta, Ingila kuwa ita ce gidan kamfanonin. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ƙasashen Latin Amurka suka sami dama a taron Meziko suka ƙarfafa hakkin ƙasar da aka samo dukiya a cikinta, amma taron London na 1946 ya mai da hannun agogo baya. Wannan gado ne ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki ta ɗauka a 1963.

Mulkin kai bai taɓa tushen al'amarin ba. Dokokin 1972 da 1977 sun sa 'yan ƙasa sun sayi hannun jari a kamfanonin baƙi, amma ba su leƙa farashin da reshe ke yi da uwarsa ba. Sai a 2012 Nijeriya ta kafa ƙa'idodi na musamman a kan haka. Kafin nan fari da cutar 1975 sun kashe gyaɗa, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta soke haraji da jangali a 1979.

Yanzu ma kamfani ba ya bukatar kanti ko sikeli. Ɗan kasuwar Kantin Kwari yakan biya Facebook ko Google kuɗin talla ta waya, ba tare da suna da ko rumfa a Kano ba. Kwamitin Thabo Mbeki ya ƙiyasta a 2015 cewa fiye da dala biliyan 50 ke sulalewa daga Afirka kowace shekara, mafi yawa ta hanyar dabarun kasuwanci. A watan Oktoba na 2021 ƙasashe 136 suka amince da tsarin OECD, wanda ya haɗa da harajin aƙalla kashi 15 cikin ɗari a kan manyan kamfanoni. Nijeriya da Kenya da Pakistan da Siri Lanka suka ƙi sa hannu. Hujjar Nijeriya mai ƙarfi ce: rabon ribar da aka yi alkawari bai shafi kamfani ba sai cinikinsa ya wuce yuro biliyan 20 a shekara, ga shi kuma za ta bar harajin da ita da kanta ta aza wa kamfanonin intanet.

Daga nan Nijeriya, da sunan ƙasashen Afirka, ta kai maganar gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya. A watan Nuwamba na 2023 ƙasashe 125 suka yarda a tsara sabuwar yarjejeniya a can, 48 suka ƙi, cikinsu har da Ingila da Faransa da Holan. Amurka ta fice daga tattaunawar a farkon 2025, sauran suka ci gaba, da nufin kammalawa a 2027.