Tafiyar dogon zango: Matakin da ɗalibin tuƙin jirgin sama ba zai tsallake ba

Kafin a damƙa wa matuƙin jirgin sama rayukan fasinjoji, sai ya shafe sa'o'i da dama yana tashi daga wannan fili yana sauka a wancan, wani lokacin shi kaɗai a cikin ƙaramin jirgi. Wannan shi ne matakin tafiyar dogon zango. A farkon horo ɗalibi yakan riƙa zagaya filin makarantarsa ne yana koyon tashi da sauka. A wannan matakin kuwa yakan bar filin a bayansa, ya nemi hanyar wani gari da taswira da kamfas da agogo.

Abin da ƙa'ida ta tanada

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, ita ce ta gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗa, ƙasashe kuma suna gina dokokinsu a kai. A Najeriya hukumar NCAA ce ke ba da lasisi, sannan Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ce tsohuwar cibiyar horar da matuƙa a ƙasar.

Mai neman lasisin farko, wanda ba ya ba da damar tuƙi don karɓar albashi, yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama. Biyar daga ciki dole su kasance na dogon zango shi kaɗai, ciki har da tafiya guda ta kilomita 270 wadda zai sauka ya tsaya cak a filaye biyu daban-daban. A misali, wanda ya tashi daga Zariya ya sauka Kano, ya wuce Kaduna sannan ya koma gida, ya zarce wannan nisa.

Lasisin kasuwanci yana buƙatar awa 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas da aka amince da shi. A ciki akwai awa 20 na dogon zango a matsayin jagoran jirgi, da tafiya guda ta kilomita 540. Babban lasisin da kyaftin na jirgin fasinja yake riƙewa kuwa sai an tara awa 1,500, kuma 200 daga ciki na dogon zango ne.

Shirin da ake yi a ƙasa

Mafi yawan aikin kan tebur ake yin sa. Ɗalibi yakan ja layin hanyarsa a taswira, ya zaɓi alamomin da ido zai gane daga sama, kamar layin dogo ko kogi ko madatsar ruwa, ya rubuta lokacin da ya kamata ya isa kowace. Daga nan sai ya karɓi rahoton yanayi, wanda a Najeriya hukumar NiMet ke bayarwa, ya kuma miƙa takardar tsarin tafiyarsa domin masu kula da zirga-zirgar jirage su san inda za a neme shi idan ya makara.

Iska ce ke dagula lissafi. Jirgin da ke gudun kilomita 180 a awa zai ci kilomita 270 cikin awa ɗaya da rabi. Idan iska mai gudun kilomita 45 a awa ta tare shi ta gaba, gudunsa a kan ƙasa ya koma 135, tafiyar ta zama ta awa biyu, man da zai ƙone kuma ya ƙaru. Don haka ake tilasta ɗaukar rarar mai, galibi na minti 30 da rana da na minti 45 da dare. Haka kuma kuskuren digiri ɗaya a kamfas yakan kauce da jirgi kilomita ɗaya daga hanya a duk kilomita 60.

Yanayi da yanke shawara

Ɗalibin da ke tuƙi da gani da ido yana buƙatar, a ƙa'ida ta gama-gari, ya iya hangen kilomita biyar. A Arewa hazon hunturu yakan rage wannan nisa matuƙa, damina kuma tana zuwa da hadari mai tsawa, zafin bazara yana rage ƙarfin inji ya tsawaita gudun tashi. Haɗarin rashin gani shi ne jikin matuƙi yakan yaudare shi, ya ji kamar jirgi yana daidai alhali ya karkata. Wannan ruɗewa ce masu bincike suka ce ta jawo faɗuwar jirgin John F. Kennedy ƙarami a teku a Amurka ranar 16 ga Yulin 1999, cikin dare mai hazo.

Saboda haka malamai ba isa masauki kaɗai suke dubawa ba. Suna lura da ko ɗalibi zai iya fasa tafiya, ko ya juya zuwa wani fili idan yanayi ya canja, ko ya kira hasumiya ta rediyo ya faɗa a sarari cewa ya ɓata. Duk da samuwar na'urar GPS, har yanzu ana koyar da lissafin taswira da agogo, domin na'ura tana iya ɗaukewa.

Ga iyayen da ke shirin biyan kuɗin horon 'ya'yansu, wannan mataki yana da nauyi a aljihu, domin sa'o'in tashi su ne suka fi lashe kuɗin kwas, kuma rashin kyawun yanayi ko ƙarancin jiragen horo yakan tsawaita karatu. Yana da kyau su tambayi makaranta yawan jiragenta masu aiki, da filayen da ɗalibanta suke zuwa, da kuma ko hukumar da za ta ba da lasisi ta amince da ita.